Barcin da Ke Ƙaurace wa Mata Bayan Shekara 45: Ina Maganin Homon Ya Tsaya?

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, ba ya sallama idan zai ɗauki mutum. Amma akwai shekarun da mace ke kaiwa, galibi tsakanin 45 da 55, da ɓarawon nan yake ƙaurace mata. Ta kwanta da gajiyar yini guda a jika, barci ya ɗan fizge ta, sai wajen ƙarfe biyun dare ta farka kamar an juye mata garwashi a ƙirji. Zafin ya hau wuya, ya hau fuska, zuciya na dukan uku-uku, rigar barci ta jiƙe sharkaf. Ta yaye bargo ko da tsakiyar hunturu ne. Bayan minti uku ko huɗu abin ya lafa, sanyi ya biyo baya, ta sake jawo bargon. Daga nan ido ya bushe har kiran assalatu.

Haka na ga wata gwaggona ta yi kusan shekara biyu. A shekarar farko kaɗai sau uku ana yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka nemo hayaƙi da rubutu. Daga baya wani mai kemis ya ba ta ƙwayar sa barci, wadda ake kira D5, ta zama kullum sai ta haɗiya kafin ta runtsa. Cikin duk waɗanda ta kai wa kukanta babu wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da fashin sallah, ita ma kunya ba ta bar ta ta ɗauko zancen ba. Da an yi wannan tambaya ɗaya tun farko, da an rage mata wahala mai yawa.

A jikin mace akwai wasu 'yan halittu biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa, waɗanda ke ajiye ƙwan haihuwa. Bayan ajiyar ƙwai, su ne ke samar da sinadarai biyu daga cikin waɗanda likitoci ke kira homon, wato istirojin da furojestaron. Homon ɗan aike ne: wani sashe na jiki ya zuba shi cikin jini, ya kai saƙo ga wani sashe mai nisa. Saƙon waɗannan biyun yana wuce mahaifa, yana kaiwa ga ƙashi da fata da mafitsara da jijiyoyin jini, har ƙwaƙwalwa. Idan ƙwan ya fara ƙarewa, 'yan aiken ba sa ɗaukewa rana ɗaya. Sai an yi shekaru, sau da yawa huɗu ko fiye, ana tangal-tangal: wannan watan istirojin ya yi sama fiye da yadda yake a ƙuruciya, wata mai zuwa ya faɗi ƙasa warwas. Al'ada ta riƙa wasa, ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta tsallake wata biyu, ta dawo da yawa. Ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 cur babu ko ɗigo.

A cikin shekarun tangal-tangal ɗin nan ne rashin barci ya fi farawa, tun mace tana ganin al'adarta. Shi ya sa da yawa ba sa danganta abin da girma. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna mata 40 zuwa 60 cikin ɗari suna kukan barci a wannan mataki na rayuwa, wato kusan ɗaya cikin kowace biyu. Ki dubi zauren biki ko ajin Islamiyyar matan aure, ki ƙirga sa'o'in gwaggona, ki raba biyu.

Me ya haɗa raguwar istirojin da zufar dare? A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, haifotalamas, wanda aikinsa kula da ɗumin jiki. Idan jiki ya yi zafi ya ba da umarni a buɗe jijiyoyin fata a fitar da gumi, idan ya yi sanyi ya sa a yi karkarwa. Tsakanin gumi da karkarwa akwai fili, inda ɗumin jiki zai ɗan hau ya ɗan sauka ba tare da an ta da hankalin kowa ba. Idan istirojin ya ja baya, filin nan sai ya tsuke. Ɗan ƙarin ɗumin da a da jiki ba zai ko lura da shi ba, kamar na bargo ko na shayi mai zafi, yanzu sai ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi gobara, ta saki duk abin da take da shi na kashe wuta. Zufar da ke karyowa ke nan, sanyin da ke biyo baya kuma sakamakon wuce gona da iri ne wajen sanyaya jikin.

Wata likita mai suna Naomi Rance, ta Jami'ar Arizona a Amurka, ita ce ta fara nuna inda abin yake a farkon shekarun 1990. Da ta duba ƙwaƙwalen matan da suka rasu bayan al'adarsu ta ɗauke, ta ga wasu ƙwayoyin jijiya a wannan ɗan wuri sun kumbura fiye da na matan da al'adarsu ba ta ɗauke ba. Daga baya aka gane istirojin shi ne linzamin waɗannan ƙwayoyi. Da an zare linzamin sai su yi ta sukuwa, suna zuba wani sinadari, niyurokainin B, a kan cibiyar da ke kula da ɗumi. Wannan ganowa tana da amfani biyu: ta tabbatar cewa abin da mace ke ji yana da mazauni a jiki, ba raki ba ne, kuma ta buɗe hanyar wani sabon magani da zan zo kansa.

Akwai wani dogon bincike a Amurka da aka sani da SWAN, wanda ya fara bin mata sama da 3,000 tun 1996. A 2015 ya fitar da sakamakon da ya girgiza tsohon zance na cewa wata shida ne zuwa shekara biyu abin ya wuce. Tsaka-tsakin lokacin da mata masu yawan tasowar zafi suka ɗauka suna fama shi ne shekara 7.4, a wajen baƙaƙen fata kuwa shekara 10.1. Baƙar fatar Amurka ba Bahaushiyar Kano ko Maraɗi ba ce, abinci da yanayi da rayuwa sun bambanta. Duk da haka, wanda ke ce wa mace ta yi haƙuri zai wuce, ya san tsawon haƙurin da yake nema a wurinta. Sai ka ɗora namu yanayin a kai: daren watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, bayan rana ta yini tana haura ma'auni 40, ɗakin kwano, babu wuta, ga gidan sauro ya tare 'yar iskar da ta rage. Jikin da filin ɗuminsa ya tsuke ba shi da mafaka a irin wannan dare.

Maganin homon, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HRT, dabararsa mai sauƙi ce: a mayar wa jiki kaɗan daga istirojin ɗin da ya rasa, gwargwadon abin da zai mayar da linzamin. Ana ba da shi ƙwaya, ko man shafawa a cinya ko dantse, ko wani abu kamar filasta da ake mannawa a fata a riƙa canzawa sau ɗaya ko sau biyu a mako. Wajen kashe tasowar zafi da zufar dare babu maganin da ya kamo shi. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage yawan tasowar da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma wadda ta rage ma ƙarfinta ya karye. Galibi cikin 'yan makonni ake fara ganin sauƙi.

To, yana gyara barci? A nan ne ya kamata a yi a hankali, domin amsar tana da sharaɗi. A 2017 masu bincike a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan tambaya suka auna su tare. Abin da ya fito shi ne, matan da ke da tasowar zafi da zufar dare barcinsu ya gyaru da maganin, waɗanda ba su da su kuwa ba a ga wani sauƙi na a-zo-a-gani ba. Ma'ana istirojin ba ya sa barci da kansa. Yana kore abin da ke tashin mace ne, idan abin da ke tashin nata zafin ne. In wani abu ne daban yake tashinta, za ta shafa maganin shekara guda ta ci gaba da ƙirga azarar ɗaki.

Akwai ɓangare na biyu na maganin wanda shi yana taɓa barci kai tsaye. Duk macen da mahaifarta ke nan, ba a ba ta istirojin shi kaɗai. An koyi wannan darasi da tsada: a 1975 aka gano cewa istirojin zalla yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri har ta iya rikiɗewa zuwa sankara. Tun daga nan ake haɗa shi da furojestaron, ko wani ɗan uwansa na haɗi, don ya riƙa tsare shimfiɗar. Macen da aka cire wa mahaifa ba ta buƙatar wannan kariya. Daga cikin nau'o'in da ake bayarwa akwai wanda ƙirarsa daidai take da wanda jiki ke yi, ana sayar da shi da sunaye kamar Utrogestan. Idan aka haɗiye shi, hanta tana juya wani kaso nasa zuwa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, ta ƙofar da ƙwayoyin sa barci suke bi. Don haka ake cewa a sha shi lokacin kwanciya, kuma mata da yawa suna jin barcinsu ya yi nauyi da shi. Sauran nau'o'in na haɗi suna tsare mahaifa, amma ba su da wannan tasiri. Mace mai kukan barci tana da haƙƙin tambayar likita wane iri ya rubuta mata.

Yadda ake shan furojestaron ɗin yana da wata alaƙa da rayuwar Musulma da ba a cika faɗa ba. Wadda al'adarta ba ta gama ɗaukewa ba, ana ba ta shi kwana 12 zuwa 14 a wata, kuma da ta gama sai jini ya zo kamar na al'ada. Wadda ta shekara babu jini, ana ba ta ƙarami kullum, da nufin kada jini ya zo sam, ko da yake yakan yi ɗige-ɗige a watannin farko. Mace ta san wannan tun kafin ta fara, don ta kai tambayar hukuncin sallarta da azuminta ga malamai da cikakken bayani, kada jini ya zo mata ba zato ta firgita ta watsar da magani. A kuma lura cewa maganin homon ba ya hana ɗaukar ciki, kuma mace na iya samun ciki a shekarun tangal-tangal. Ƙwayar Primolut N da mata ke sha don jinkirta al'ada lokacin aikin Hajji ko azumi, ita ma ba wannan maganin ba ce, haka ƙwayar tazarar haihuwa, wadda istirojin ɗinta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya ji sunan maganin nan, abin da ke fara faɗo masa shi ne sankarar mama. Tsoron yana da tarihi. Tun 1942 ake sayar da istirojin a Amurka da sunan Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Zuwa shekarun 1990 likitocin can suna rubuta shi har ga matan da ba su da wani kuka, bisa zaton yana kare zuciya. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji, WHI, don a tabbatar. A wani reshe nasa aka sa mata 16,608, rabi suna shan Premarin haɗe da wani furojestaron na haɗi, rabi suna shan ƙwayar da babu komai a ciki. A watan Yulin 2002 aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, aka sanar cewa maganin yana ƙara haɗarin sankarar mama da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a jijiya. Labarin ya karaɗe duniya. Mata miliyoyi suka zubar da magungunansu, likitoci suka ja hannu, har aka yaye ɗaliban likitanci na shekaru da dama waɗanda ba su koyi rubuta shi ba.

Abin da kanun labarai ba su ɗauko ba shi ne girman haɗarin da kuma su wane ne aka gwada. A cikin mata 10,000 masu shan maganin na shekara guda, an samu ƙarin mutum 8 masu sankarar mama, ƙarin 7 masu ciwon zuciya, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu huhu. An kuma samu ragin mutum 5 masu karayar ƙugu da ragin 6 masu sankarar hanji. Ƙarin sankarar maman bai kai mutum ɗaya cikin dubu a shekara ba. Ga kuma babban abin: tsaka-tsakin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun haura shekara goma da ɗaukewar al'ada, jijiyoyinsu sun riga sun tsufa. Aka ɗauki sakamakon 'yar 63 aka yanke wa 'yar 49 hukunci da shi. Ɗaya reshen gwajin, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa suna shan istirojin zalla, an tsayar da shi a 2004 saboda ƙarin shanyewar ɓarin jiki, amma sankarar mama ba ta ƙaru a cikinsu ba, bibiyar shekaru ma ta nuna ta ragu.

Da aka sake rarrabe alƙaluman bisa shekaru, sai matsayar ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ta daidaita a kan cewa macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, mai lafiya, wadda zafi da zufa suka hana sakat, amfanin maganin a wajenta ya rinjayi haɗarinsa. An kuma gane cewa hanyar shigarsa jiki tana da tasiri. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, ta sa hanta ta ƙara sinadaran daskarar da jini. Na shafawa da na mannawa suna shiga jini ta fata, ba su bi ta nan ba, kuma ba a ga suna ƙara haɗarin gudan jini kamar ƙwaya ba. Ga mace mai ƙiba, ko mai hawan jinin da aka shawo kansa, wannan bambanci babba ne. A yanayin zafi da gumi irin namu, na mannawa yakan ɓamɓare, man shafawa ya fi zama. Wadda zuciyarta ta tashi da jin zancen fitsarin goɗiya kuwa ta kwantar da hankali, istirojin ɗin da ke cikin na shafawa da na mannawa a ɗakin haɗa magani ake ƙera shi daga tsirrai, waken suya da wani jinsin doyar daji. Wannan ba ya nufin cin doya zai maye gurbinsa, jikin mutum ba ya iya yin wannan juyi da kansa. Awara da sauran kayan waken suya suna da sinadarai masu ɗan kama da istirojin, abinci ne mai kyau, amma sauƙin da suke kawowa ga zufar dare kaɗan ne, wasu ma ba sa jin komai.

A ganina tsoron 2002 ya wuce kima, ya kuma cuci mata masu yawa da suka sha wuya alhali akwai magani. Sai dai ina jin tsoron kishiyarsa da ke tasowa yanzu a kafafen sada zumunta, inda ake tallar homon kamar ruwan da ke mayar da tsohuwa yarinya. Alƙaluman nan duk daga ƙasashen da mace ke yin hoton mama a kai a kai suka fito, inda ake kama ƙari tun yana ƙanƙani. A wajenmu mata da yawa ba sa isa asibiti da sankarar mama sai ta yi nisa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a sayi maganin nan a kemis kamar farasitamol. Macen da ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko gudan jini ya taɓa toshe mata jijiya, ko ta taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko hantarta na ciwo, ba a ba ta shi. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasashenmu, kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. Mai hawan jini sai an fara saukar da shi. Wadda kuma ta shekara babu al'ada sai ga jini ya dawo, kada ta ce ƙuruciya ce ta waiwayo ta, wannan jini sai likita ya duba mahaifa kafin a yi zancen kowane magani.

Tunda maganin yana aiki ne idan zafin shi ne mai tashin mace, aikin farko shi ne a gano wa ke tashinta. Zufar dare kanta ba ta ɗaukewar al'ada ce kaɗai ba. Tarin fuka yana kawo ta, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, don haka zufar da ta zo da tari na makonni da rama da zazzaɓin yamma, gwajin majina take nema. Halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima tana kawo gumi da saurin bugawar zuciya da rashin barci, kamar an kwafa daga alamun girma.

Wasu masu bincike biyu a birnin Ditroyit na Amurka sun kwantar da mata 102 masu shekara 44 zuwa 56, duk masu kukan barci, a ɗakin gwaji suka lura da su dare guda. Sama da rabinsu aka samu da ɗaukewar numfashi cikin barci, ko ciwon motsin ƙafa, ko duka biyun. Na farkon shi ne maƙogwaro ya riƙa rufewa cikin barci, mutum ya yi minshari, numfashi ya tsaya na daƙiƙoƙi, ya zabura ya ja iska, sau da dama a awa guda ba tare da ya sani ba. Ana ɗaukarsa ciwon maza masu tumbi, amma bayan ɗaukewar al'ada yana ninkuwa a mata, kuma yana hura wutar hawan jini. Mace ba za ta ce tana minshari ba, sai dai a tambayi wanda ke kwana kusa da ita. Na biyun shi ne ƙafafu su riƙa wani tsiyaya ko tafiyar kiyashi da an kwanta, ba sa lafawa sai an motsa su. Yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma matan da suka yi ta zubar da jini mai yawa a shekarun tangal-tangal, musamman masu ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa a matan Afirka, su ne a gaba wajen kamuwa. Maganinsu na ƙarin jini ne.

Sai fitsarin dare. Rashin istirojin yana sa fatar gaba da hanyar fitsari ta bushe ta yi siriri, fitsari ya riƙa matsa mace sau uku ko huɗu kafin asuba, ga zafi yayin saduwa da ba ta iya faɗa wa kowa. Wannan yana da nasa magani, istirojin ɗan kaɗan da ake sakawa a wurin, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma a fara auna suga, don ciwon suga ma haka yake tashin mutum.

Akwai kuma abin da ke cikin zuciya. Shekarun nan su ne na aurar da 'ya'ya da yi musu kayan ɗaki, na jinyar iyaye tsofaffi, na takaba ga wasu, na shigowar amarya ga wasu. Sauyin homon da kansa yana sa mace ta fi saurin faɗawa ciwon damuwa a wannan lokaci, kuma farkawa da tsakar dare a kasa komawa yana cikin manyan alamunsa. Sannan goro. Iyayenmu mata da yawa ba sa rabo da shi a bakin zane, ga shayi da yamma, a Nijar ma har hawa uku. Sinadarin da ke wartsakarwa a cikin goro da shayi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, wanda aka tauna bayan la'asar yana nan daram da tsakar dare.

Ko an kashe zafin, wani lokaci rashin barcin ya riga ya zama jiki. Mace ta shafe watanni tana farkawa ƙarfe biyu, ƙwaƙwalwa ta haddace lokacin, gado ya zama wurin fargaba. Maganin wannan horo ne, likitoci na kiransa CBT-I. A tsayar da lokacin tashi guda kullum, abin da sallar asuba ta riga ta sauƙaƙa mana. Kada a hau gado sai barci ya zo da gaske. Idan an farka aka kai kamar minti ashirin ido biyu, a sauka, a zauna cikin haske kaɗan da carbi ko wani abu mai kwantar da rai, ban da waya, sai barci ya dawo a koma. A taƙaita ƙailula zuwa minti ashirin ko talatin, kafin la'asar. Da farko ma ana rage awannin kwanciya don barcin ya taru ya yi nauyi, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. A 2016 an gwada wannan horo a Amurka kan mata 106 masu tasowar zafi, ta wayar tarho kawai, zama shida cikin mako takwas, kuma barcinsu ya gyaru sosai duk da zafin bai daina zuwa ba. Da masu binciken suka kwatanta shi da sauran abubuwan da suka gwada, har da istirojin ƙarami da motsa jiki da magungunan damuwa, shi ne ya fi rage rashin barci. Abin da ake koyarwa ta waya, ba ƙwaya ba allura, ban ga dalilin da zai hana a horar da ma'aikatan jinya da ungozomomin asibitocinmu su riƙa koyar da shi ba.

Wadda ba za ta iya shan homon ba, ƙofa ba ta rufe mata ba. Wasu magungunan damuwa a ƙaramin awo, irin su benlafaksin da faroksetin, suna rage tasowar zafi, haka gabafentin da ake sha da dare. Mai shan tamoksifen saboda sankarar mama ba a ba ta faroksetin, yana rage masa ƙarfi. Daga binciken Naomi Rance kuma aka samu fezolinetant, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2023. Yana toshe saƙon niyurokainin B ba tare da homon ba, sai dai yana da tsada ƙwarai kuma ana bibiyar lafiyar hanta yayin shansa. Abin da ba ya cikin lissafi shi ne D5 da 'yan uwansa. Suna sa maye mai kama da barci, jiki yana sabawa cikin makonni, suna ƙara tsananta ɗaukewar numfashi, suna sa jiri da faɗuwa a shekarun da ƙashi ya fara rauni. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, a hankali ake janyewa ƙarƙashin kulawar likita.

Akwai rukunin da hukuncinsu ya bambanta: wadda al'adarta ta ɗauke kafin 40, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai biyun a tiyata tana da ƙuruciya. Irin wannan ana son ta sha homon har zuwa wajen shekara 50 ko da barcinta lafiya lau, don kare ƙashi da zuciya, sai in akwai abin da ya hana. Cire mahaifa kaɗai ba ya nufin an cire ma'ajiyar ƙwan, duk wadda aka yi wa aiki ta tambaya me da me aka cire.

Gwaggona dai wata 'yarta ce ta matsa aka kai ta sashen mata na wani asibitin koyarwa. Kafin ranar, ta sa aka riƙa rubuta mata na mako biyu: ƙarfe nawa ta kwanta, sau nawa ta farka, da zufa ko babu, fitsari sau nawa, goro nawa ta ci kuma yaushe. Likitar ta karanta takardar, ta ɗago ta ce, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" Aka auna jininta aka samu ya hau, aka yi wata biyu ana saukar da shi. Aka duba mama, aka yi hoton mahaifa, aka gwada suga da hanta, sannan aka rubuta mata man shafawa da furojestaron na dare, da sharaɗin ta dawo bayan wata uku, daga nan kuma duk shekara a sake duba ko akwai buƙatar ci gaba. Zufar ta lafa cikin mako uku. Farkawar ƙarfe biyu ba ta bar ta ba sai da ta mayar da goronta na hantsi kaɗai, aka kuma janye mata D5 kwata-kwata cikin wata biyu.